Dankalin da Ba a Ci

Kawu Mantau ya dawo daga Jos a bayan motar tumatir
da ƙullin tsumma a aljihu.
Ba goro ba ne, ba turare ba.
Ya kwance: saiwa biyar, gajeru,
kamar yatsun tsohon da fartanya ta cinye.
Tasalla ta leƙo ta kan katanga:
"Wannan dankalin, da mai ake ci ko da ƙuli?"
Ya ce, "Ba a ci. Daliya sunanta. Kallo ake."
Ta yi dariya har da riƙe ciki.
A Rafindaɗi, inda ake sayen ruwa jarka-jarka,
wa zai shayar da abin kallo?

Shi dai ya haƙa gindin lemun tsami,
inda rana ba ta isowa sai ta gaji,
ya cakuɗa ƙasa da kashin awakin bara,
ya kwantar da su ido sama.
Tun ran nan ruwan alwalarsa bai sake bin rariya ba.

Da marka ta zauna, sai ga ta.
Ja, amma ba jan barkono ba,
jan lallen da ya kwana biyu a tafin hannu,
ninki kan ninki kan ninki,
kamar mai ɗinkin hula ya zauna ya ƙi tashi.
Ranar, Tasalla ta zo aron taɓarya sau uku.

Aka yanke gero, aka ɗaure dawa,
karan furen ya yi baƙi, ya sunkuya.
Na ce ta mutu.
Ya ce, "Ta shiga ɗaki ne. Kawo wuƙa, Hurera.
Ki bar mata kara tsawon ɗan yatsa.
Ki tono daga nesa, kada ki ja,
ranta a wuya yake.
Can kan dutse sanyi suke tsoro,
mu nan Katsina bazara ce mai cin amana."

Kwana huɗu muka shanya su a inuwar rumbu.
Sagir ya ɗauki ɗaya zai gasa a murhu,
na kama kunnensa a bakin wuta.
Muka sami tsohuwar tukunyar da ta daina riƙe ruwa,
yashi a ƙasa, toka a kai, saiwa, sai kuma toka,
kowace da wurinta, ba mai taɓa 'yar'uwarta.
Muka rufe da faifai, muka tura ƙarƙashin gado.

Kawu bai ga ƙarshen ɗarin nan ba.
Aka raba rigunansa, aka ba liman butarsa.
Tukunya ba ta shiga lissafin gado ba,
wa zai yi rigima a kan toka?

Wata shida ina kwana a kanta.
Wani dare in ji ƙaras-ƙaras, in tashi da tocila.
Na yi faɗa da gara, na yi faɗa da ɓera.
Da zafi ya kai inda tabarma ke ƙuna,
sai in yayyafa wa ƙasan ɗakin ruwan da ya kamata in sha.

Jiya shamuwa ta sauka kan rimin makaranta.
Na jawo tukunya, na sa hannu cikin toka har wuya.
Biyu sun ruɓe, warinsu ya kore ni tsakar gida.
Ɗaya ɓera ya riga ni.
Ɗaya ta bushe, ba nauyi, kamar tsohuwar kuɓewa.
Ta biyar, wadda Sagir ya so gasawa,
da tabon wuta a gefenta,
ta fito da ido biyu, ja-ja, ƙanana kamar ƙwayar gero.

Ban san lokacin da Tasalla ta shigo ba.
Ba ta zo da zancen taɓarya ba.
Ta tsuguna, ta daɗe tana kallo, ta ce,
"In aka raba, kowane ɓari zai rayu?"
Na ce ban sani ba, bai kai ga koya mini wannan ba.

Ta tafi gida wasa wuƙa.
Ni kuma ina nan da abin a hannu,
gabas ta fara haɗa baƙi.